Daga Lungu Zuwa Awon Igiya: Yadda Kano Ta Faɗaɗa Hanya Ta Ƙuntata

Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka me ya sa mutumin cikin birni zai tashi daga Ƙofar Mata ya ɓulla Kurmi da ƙafa ta hanya uku ko huɗu, amma mazaunin sabuwar unguwa sai ya yi dogon zagaye kafin ya kai gidan da yake hangowa daga ƙofarsa? Amsar tana cikin tarihi.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Manyan hanyoyi daga ƙofofi suke tasowa su nufi kasuwa da fada, lunguna kuma su sarƙe tsakaninsu. Lungu matsattse ne, domin don ƙafa da jaki aka yi shi, amma galibi wannan zai miƙa ka ga wancan. A lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin kimanin 30,000, ya kuma tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne da gonaki. Wato gari yana da wurin girma a cikin gidansa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai gari ya tsallake ganuwa. Aka yanka Sabon Gari wajen 1913, tituna miƙaƙƙu suna gitta juna kamar gidan dara. Nasarawa kuwa, unguwar Turawa, aka ba ta manyan filaye da tituna masu faɗi, irin na mai mota.

Babban sauyi ya zo ne bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da kuɗin man fetur na shekarun 1970. Jama'a suka yi ta kwarara, tsarin hukuma ya kasa cim musu. Sai mai gona ya ɗauko igiya ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, abin da ake kira awon igiya. Kowace taku da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa, kuma babu ruwansa da inda maƙwabcinsa ya fitar da tasa. Haka layi zai tafi ya ƙare a jikin katanga, unguwa guda ta dogara da titi ɗaya. A ƙidayar 2006 mutanen birni da kewaye sun haura miliyan biyu da rabi.

To, ranar da gobara ta tashi, ko naƙuda ta zo da tsakar dare, nan ake gane tsadar wannan lissafi. Gadojin sama suna rage cunkoso a manyan mahaɗu, amma ba za su huda layin da aka toshe da gini ba. Hanya tun ana gona ake barin ta; in an yi gini, sai dai rusau da diyya. Gonakin da ake yankawa yau a gefen gari su ne unguwannin jikokinmu. Allah ya sa mu bar musu mafita.