Jarin Tawakkali: Tarihin Kafuwar Mishan ta SIM a Tsibirin Gobir da Kewayenta

Duk wanda ya bibiyi tarihin ƙungiyoyin da suka kafu a ƙasar Hausa tun shigowar Turawa, na mulki ne ko na ciniki ko na ilmi, zai tarar kowace ta fara ne da baitulmali a bayanta, ko gwamnati mai karɓar haraji, ko kamfani mai jari, ko babbar majami'a mai wakafi. Amma ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, wadda jama'a suka fi sani da SIM, wadda kuma ta kafa gida a Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji ta yau, kusan shekara 100 ke nan, ta fara ne hannu wofi, bisa ƙudurin cewa wanda Allah ya aika, Allah ne zai ciyar da shi. Malamanmu suna kiran wannan hali tawakkali, Kiristocin Hausa kuwa suna cewa dogara ga Allah ko zaman bangaskiya, kuma tarihin wannan ƙungiya a ƙasar Maraɗi ya cancanci nazari domin ya nuna yadda hali irin wannan yake gina abu mai ɗorewa, da tsadar da ake biya a kansa, da kuma waɗanda suka fi kowa biyan tsadar.

Asalin al'amarin ya faro ne a shekarar 1893, sa'ad da samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, suka yi azamar shiga ƙasar Sudan, sunan da masana suke ba wa shimfiɗar ƙasar da ke kudu da Sahara, wadda ƙasar Hausa take tsakiyarta. Sun nemi manyan ƙungiyoyin mishan na Ingila da Amurka su ɗauki nauyinsu, ba wadda ta amsa, saboda ƙarancin kuɗi da tsoron zazzaɓi; suka tattara ɗan guzurin da suka samu, suka sauka Ikko a watan Disamba na shekarar. Kafin shekara ta zagayo sosai, Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, duka a 1894, Bingham kuwa, wanda zazzaɓi ya tsare a bakin teku, ya koma gida ba tare da ya ga ko mutum ɗaya ya karɓi saƙonsu ba. Ya sake yunƙurawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a karo na uku, a 1902, mutanensa suka samu wurin zama a Patigi, cikin ƙasar Nufe.

Ƙa'idar da Bingham ya ɗora ƙungiyar a kanta ya gaje ta ne daga magabata irin su George Müller, wanda ya riƙe dubban marayu a birnin Bristol ba tare da ya roƙi kowa ba, da Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865. Sharuɗɗanta kaɗan ne, amma masu nauyi: ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi tsayayye, ba a cin bashi don gina ɗaki ko sayen mota, abin da masu baiko suka aiko kuwa a tara shi a asusu ɗaya a raba, in ya yi yawa kowa ya wadata, in ya yi kaɗan kowa ya ɗaure ciki. Hujjarsu tana cikin Linjila, a sura ta 6 ta littafin Matta, inda Almasihu ya ja hankalin almajiransa ga tsuntsaye da furannin jeji, ya hore su kada damuwar ci da sutura ta mallake zukatansu. Shi ya sa har yau taken ƙungiyar yake nuni ga addu'a a matsayin hanyar aikinta.

A Nijeriya ta Arewa, Turawan Ingila sun daɗe suna hana 'yan mishan zama a biranen sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da suka yi na ƙin taɓa addini. Wannan ya sa masu neman isa ga Hausawa suka ɗaga ido zuwa ƙasar da Faransa take mulka. A 1924 SIM ta buɗe gidanta na farko a Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedkwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Bayan haka ne, a ƙarshen shekarun 1920, David Osborne ya zo ya zauna a Tsibiri, kuma zaɓen wannan gari yana da dalili. Tsibiri gari ne da Gobirawa suka kafa a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi wajen 1836, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke, kamar yadda Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato suka kafa Maraɗi; don haka ƙasa ce da Musulunci yake da tushe a fada da kasuwa, amma al'adun Azna da bori suna da ƙarfi a ƙauyukan kwarin Gulbin Maraɗi, kuma masu bishara sun yi zaton a nan za a fi sauraronsu.

Rayuwar shekarun farko ba ta da ƙawa. Mai bishara yakan koyi Hausa a bakin yara da tsofaffi, ya kwana a ɗakin laka, ya sha ruwan rijiya, ya hau doki ko ya taka da ƙafa zuwa ƙauyuka; da hantsi kuwa ƙofar gidansa takan cika da masu gyambo da masu ciwon ido da uwaye riƙe da yara masu zazzaɓi, a wanke miki, a ɗiga magani, a karanta aya, kowa ya kama hanyarsa. Wasiƙa daga gida takan yi watanni a hanya, kuma ba a san ko akwai kuɗi a cikinta ba sai an buɗe. Fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ba su babban makami, domin daga nan karatun boko da Hausa ya zama ƙofar shiga jama'arsu, har aka san mabiyansu da riƙon littafi da rera waƙa da harshen gida. Hukumar Faransa kuwa ba ta taɓa sakin jiki da su ba, kasancewarsu masu jin Ingilishi, kuma 'yan Furotesta; zargin ya tsananta bayan 1940, lokacin da Nijar take ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa alhali Nijeriya tana hannun Ingila, aka taƙaita zirga-zirgarsu, hanyar saƙo da ta kuɗi ta ƙuntata. A cikin wannan ƙunci ne aka buɗe gidan Maraɗi a 1940, Bingham kuma ya rasu a 1942, bai bar wa ƙungiyar wata taska ba face ƙa'idar da ya kafa ta a kai.

Bayan yaƙin duniya na biyu aikin ya yi rassa. An buɗe asibitin Galmi a 1950 a hannun likita Burt Long, kuma har yau mutanen Gidan Rumji da Tsibiri suna bin hanyar Ƙonni zuwa can neman magani. An buɗe asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956, a zamanin da mai wannan cuta yakan rasa mai cin abinci tare da shi ko a gidan ubansa. An yi makarantar 'yan mata a Sura, da makarantar koyon noma a Maza Tsaye, da makaranta a Tsibiri, sannan makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, kan hanyar Damagaram, ta zama wurin horar da fastoci da masu bishara da harshen Hausa. Da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, Kiristocin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu a ƙarƙashin ikilisiyar ƙasa mai suna EERN, ragamar shugabanci ta fara komawa hannun 'yan ƙasa.

A nan ne adalci ya wajabta a faɗi abin da littattafan tarihin mishan sukan taƙaita. Baturen da ya bar ƙasarsa ba albashi ya yi sadaukarwa ta gaske, kaburburan wasunsu da na 'ya'yansu a ƙasar Hausa shaida ne. Amma yana da fasfo, yana da hutu bayan 'yan shekaru, yana da majami'u a ƙetare masu tunawa da shi. Bagobiri ko Bakatsinen da ya karɓi wannan tafarki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma abin da ya sa a kasada shi ne dukan abin da Bahaushe yake kira madogara: gadon gona, da matar aure, da gayyar dangi ranar noma, da masu ɗaukar gawarsa ranar mutuwa. Mai bisharar da ya gama karatu a Agye aka tura shi wani ƙauye na Gazawa ko na Gidan Rumji yakan isa da iyalinsa da 'yan komatsansa a amalanke, ya nemi aron gona wurin mai gari, ya yi noma da hannunsa kamar kowa. Albashinsa shi ne abin da 'yan tsirarun masu bi suka kawo, kwanon gero, ko kaza, ko 'yan dammunan da ake jerawa gaban majami'a ranar godiya bayan kaka, kuma in damina ta ƙi, rumbunsa da nasu tare suke ƙarewa. Tawakkalin da ya riƙe wannan ikilisiya bayan Turawa sun ragu, nasu ne.

Ƙa'idar kuma ta zo da nata rauni. Saboda shugabannin mishan sun fifita wa'azi a kan komai, suna tsoron kada neman duniya ya janye zukatan sababbin masu bi, kuma saboda dokar Faransa ta wajabta a koyar da Faransanci a hannun malamai masu takardar shaida, sun yi jinkirin ba da ilmin zamani mai zurfi. 'Ya'yan Kiristoci da yawa suka tashi da karatun Hausa kaɗai a ƙasar da aikin gwamnati yake neman Faransanci. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, ta nuna yadda wannan ya zama abin ƙorafi mai tsawo tsakanin mishan da ikilisiya. Ikilisiyar kanta kuma ta dare gida-gida wajen ƙarshen shekarun 1980. Darasin a fili yake: wanda ya zaɓi talauci don Allah ya yi ibada, amma ba shi da ikon zaɓar wa 'ya'yan wani.

Babin da ya fi fito da sunan wannan aiki a duniya ya zo ne ta hanyar itatuwa. A 1981 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a ƙarƙashin SIM, ya shiga aikin dashen itatuwa, mafi yawan dashen kuwa yana mutuwa saboda fari da iska da awaki. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a 1983, ya tsaya a hanyar ƙauye don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, zuciyarsa ta karaya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu suna nan a ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoma suke kira sassaben zamani, ba ta bukatar kuɗi: manomi ya duba kututturen kalgo ko sabara ko gawo a gonarsa, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran da wuƙa ko gatari, ya riƙa yi musu aski kowace shekara. A yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin Buhari, an haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyuka kusan 100. Da yunwa ta wuce da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabbobi da kariya daga iska, maƙwabta suka kwaikwaya. Garin Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna wajen tsare itatuwansa, kuma binciken hotunan tauraron ɗan Adam ya kiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Mafi yawan masu wannan aiki Musulmi ne, kuma yabon nasu ne. Rinaudo ya karɓi lambar girma ta Right Livelihood a 2018. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka, malaman Musulunci kuma sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi. A wannan gaɓa mai bishara da liman ba su da saɓani.

Kiristoci a Nijar har yau ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma sun ga jarrabawa, kamar ƙone-ƙonen majami'u na watan Janairun 2015 a Damagaram da Yamai. Rashin tsaro a kan iyakar Gidan Rumji da Nijeriya ya kuma rage baƙin da suke iya zama a ƙauyuka. Saboda haka nauyin asibiti da makaranta da majami'a yana ƙara komawa wuyan jikokin waɗanda suka fara karatu a Tsibiri, cikinsu akwai likitoci da malamai da ma'aikata masu albashi, abin da kakanninsu ba su samu ba. Wajibin da ke kansu shi ne su riƙe ilmi da tsari da lissafin dukiya da kyau, domin sakaci ba ibada ba ne, su kuma tabbatar cewa mai bisharar ƙauye da iyalinsa ba su kwana da yunwa ba alhali 'yan'uwansu na birni suna da hali. Gama Allah yakan ciyar da bawansa ta hannun wani bawan, kuma amanar da Bingham ya ɗora wa masu baiko na ƙetare yanzu ta sauka a hannun mutanen Maraɗi da Agye da Gazawa da Gidan Rumji.