Bayan da ya ɗauki masaƙar ƙasar Hausa

1/ Duk sanda aka yi maganar saƙa da rini a Daular Sakkwato, masaƙa da marina da fatake ake ambata. Ni yau matan da suka kaɗa zaren nake son mu duba, musamman a gefenmu na Gobir, Sabon Birni da Isa. Ku biyo ni a hankali.

2/ A 1851 Bature Barth ya shiga Kano, ya ƙiyasta tufafin da ake kaiwa Tambutu kaɗai a shekara sun kai na wuri miliyan 60. To kowane zare a cikinsu da hannu aka kaɗa shi. Masaƙi ɗaya kuwa yana cinye zaren mata da yawa, 'ya'ya da bayi.

3/ Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 yankinmu ya zama bakin daga tsakanin Sakkwato da Gobirawa. Maza na yaƙi, amma a cikin gida taskira ba ta huta ba.

4/ Ga yadda aikin yake. Mace ta durƙusa ta gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe, ta cire gurya. Ta shiɓe ta. Sannan ta zauna a tabarma, ba jingina, hannu ɗaya a sama riƙe da auduga, ɗayan yana murza mazari, tana dangwalar alli. Daga hantsi har la'asar, bayan ta riga ta yi daka ta ɗebo ruwa.

5/ Tsoffinmu in ƙugu ya riƙe ko kafaɗa ta ƙi ɗaguwa sai su ce sanyi ne, ko tsufa. Wani lokacin haka ne. Amma maimaita motsi ɗaya dubban sau, wuya a sunkuye, yana gajiyar da tsoka da jijiya, har ya danne jijiyar wuyan hannu yatsu su riƙa mutuwa da dare. Tun 1700 wani likitan Italiya, Ramazzini, ya rubuta yadda zama ke lanƙwasa bayan teloli.

6/ Sai Turawa suka zo da kamfanin auduga na BCGA, jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, auduga ta kama hanyar Ingila, yadi ya dawo mana. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna. Sannu a hankali mazari ya koma ƙarƙashin gado.

7/ Ciwon dai bai tafi ba, kayan aiki ne suka canza. Yau ɗinkin hula ne da keken Butterfly. Ku duba ƙanwarku mako biyu kafin sallah: kujera 'yar tsugunne, fitilar waya a baki, ƙafa na taka keke har asuba. Da safe sai man zafi da paracetamol.

8/ Da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a 2013, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata maɗinka, duniya ta girgiza. Namu ba sa cikin ginin da za a ɗauka a hoto. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, amma wa zai yi rajistar matar da ke ɗinki a ɗaka, wadda dillaliya ke biyanta kan kowace hula? Balle wadda 'yan bindiga suka koro daga ƙauye, ta baro kekenta, ta koma allura da zare a gidan wani.