Daga Kano zuwa Jidda: Nisan da Ya Tashi daga Shekaru Ya Koma Sa'o'i

Idan aka ja layi miƙe a bisa doron ƙasa daga filin jirgin saman Kano zuwa na Jidda, za a sami kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100 da 'yan kai. Jirgin sama na zamani yana cin wannan tazara cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Maniyyaci ya yi sallar asuba a Tudun Wada ta Zariya, ya kama hanyar Kano, kafin wata asubar yana ƙasar Hijaz.

A dā ba da mil ake auna wannan nisa ba, da shekaru ake auna shi. Mai niyyar hajji yakan yi wasiyya, ya yi ban kwana irin na wanda ba ya sa ran dawowa, sa'an nan ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, ya tara na gaba. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma sun ƙarasa amma ba su komo ba. Garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne na yawan mutanen da wannan hanya ta riƙe.

A farkon Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano daga Masar, sun biyo ta Hartum da Fashir, watau turbar alhazai ce suka bi daga sama. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Kafin a kafa Hukumar Alhazai ta ƙasa a 1975, jirgin sama ya riga ya karɓe aikin raƙumi da na babbar mota.

Amma sauƙin bai zo kyauta ba. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgi ƙirar Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Haka kuma a 2023, da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, tilas jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗinta ya ƙaru.

Ke nan mil 2,100 ɗin nan lissafin taswira ne kurum. Ainihin nisan Kano da Jidda ya rataya ne ga zaman lafiyar ƙasashen da ke tsakani, kamar yadda yake tun zamanin ayari.