Matan da Suka Tsaya wa Zuma

A 2006 aka gurfanar da Jacob Zuma a Johannesburg bisa zargin fyaɗe. Cikin masu ƙona hoton mai ƙarar a ƙofar kotu har da mata. Kotu ta wanke shi, ita kuwa ta tsere Holan. A 2007 reshen mata na ANC ya mara masa baya, a 2009 ya zama shugaban Afirka ta Kudu.

Muna tambaya, me ya ja su? Sun ɗauki zargin makircin ɓangaren Thabo Mbeki ne. Zuma ya yi shekara 10 a kurkukun Robben Island, don haka a ganinsu taɓa shi taɓa gwagwarmayar da ta kawar da mulkin wariya ne. Mai ƙarar ta rasu a 2016.