Dokin Abzin da Cinikinsa a Agadas

Duk wanda ya bi labarin sarakunan ƙasar Hausa, tun daga Gobir da Katsina har Kano da Zazzau, zai tarar cewa mulkinsu a bisa sirdi ya tsaya, kuma cikin dawakin da Shamaki ke kula da su a bargar sarki ɗan Abzin yana sahun gaba wajen daraja, musamman irin nan da ake kira bagazam, wanda ya samo sunansa daga duwatsun Bagazan, arewa maso gabas da Agadas. Doki ne marar girman jiki ainun, amma ya shahara da juriyar ƙishirwa, da taurin kofato, da dogon numfashi, sifofin da ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwa ta gadar masa.

Tun da aka kafa sarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, Agadas kuma ta zama mazaunin sarki a tsakiyar wannan ƙarni, garin ya kasance mahaɗar ayarin da ke saukowa daga Gat da Gadamas, da na gishirin Bilma da Fashi, da fataken Hausa masu kawo tufafi da hatsi, har ya zamana akwai basarake na musamman, Sarkin Turawa, wanda al'amuran Larabawa 'yan kasuwa ke hannunsa. Doki yana cikin hajojin da suka fi tsada a wannan hanya. Hasan al-Wazzan, wanda ya kammala littafinsa a kan Afirka a 1526, ya ambata cewa sarkin Barno yakan sayi doki guda daga fataken arewa da bayi 15 ko 20, lissafin da ke nuna mana kimar dabbar, yana kuma tuna mana da baƙin cikin 'yan Adam ɗin da aka mai da su kuɗin sayenta.

Dalilin da ya sa wannan kasuwa ta daɗe ba ta mutu ba shi ne, doki ba ya daɗewa a kudu, domin abin da yaƙi ya rage, cizon tsando da ciwon sammore sukan ƙarasa shi, sai sarakunan Nufe da na Oyo su koma neman wani daga arewa. Ga shi kuma bisa al'ada basarake ba ya hawan goɗiya sai ingarma, saboda haka mazan ne suka fi gangarowa kasuwa, matan kuwa, waɗanda su ne tushen iri, suka tsaya a hannun makiyaya. Nan asirin arzikin yake. Goɗiya takan yi wata 11 da ciki, ta haifi ɗa guda, a yi shekaru ana ɗawainiya da dukushin kafin ya isa hawa, ana ba shi nonon raƙuma, ana ciyar da shi geron da sai an yi takakkiya Damargu an auno shi, domin Abzin ba ta noma abin da zai ishe ta. Don haka a ƙasar da raƙumi ne dukiyar kowa, doki sai manya.

In aka zo ciniki, dillali yakan buɗe bakin dokin ya duba haƙora don sanin shekarunsa, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gadon baya ko akwai tabon miki, sa'an nan a sa yaro ya hau ya zabure shi, a saurari yadda numfashinsa ke komawa. Bayan wannan duka sai a zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi, wato wace ce uwarsa, kuma a gidan wa aka haife shi. Mai saye ya taya, mai doki ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa.

Malamai ma ba su bar wannan babi ba tare da hukunci ba. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan doki sai in na fatauci ne, kuma wajen rabon ganima ana ba doki kashi biyu, mahayinsa ɗaya. Game da kuɗin barbara kuwa, ko da yake hadisi ya zo da hani, fukaha'un mazhabar sun halatta ijarar ingarma idan an ƙayyade lokaci ko adadin hawa, suka hana sharaɗin sai goɗiya ta ɗauki ciki, saboda gararin da ke cikinsa, wato rashin tabbas. Wannan mas'ala ita ce ginshiƙin kasuwar dawakin sukuwa a duniya yau. Turawan Ingila, waɗanda suka gina irin dawakinsu na sukuwa a kan ingarmu uku na gabas, ɗaya an kawo shi daga Halab a 1704, sun fara buga littafin nasabar dawaki a 1791, kuma wannan littafi ne ya mai da asali ya zama jari. Abzinawa ma sun san nasabar dawakinsu, sai dai a ka suka riƙe ta.

Abin da aka riƙe a ka kuwa yana tafiya da masu shi. Bayan da jagoran tawaye Kawusan da Sarkin Abzin Tagama suka kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ramuwar gayyar da ta biyo baya ta tarwatsa jama'ar Abzin, aka kashe malamai, aka kwashe dabbobi. Sa'an nan mota ta karɓe hanya, farin 1973 da na 1984 suka cinye mafi yawan abin da ya saura. Yau ana ganin doki a Agadas ranar hawan Salla, amma masu sukuwa a Yamai da Maraɗi da Kano sun fi karkata ga dawakin Sudan da Chadi.

Wajibi ne, tun dattawan da suka san wace goɗiya ta haifi wane ingarma suna raye, fadar Sarkin Abzin da likitocin dabbobi da makiyaya su haɗa hannu a ƙidaya bagazam ɗin da ya rage, a rubuta nasabarsa, a daina barbararsa da kowane iri, domin in jinin ya gauraye ya ɓace, babu dukiyar da za ta sake sayo shi.