Samanja Mazan Fama: Banufen da ya sa Arewa yi wa soja dariya

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna yana da shekara 81. Da aka fara sanar da rasuwar da sunansa na yanka, mutane da yawa ba su gane wanda ake nufi ba, sai da aka ce musu Samanja ne. Wannan shi ne rabon ɗan wasan da ya riƙe hali ɗaya ya zauna a cikinsa shekara da shekaru. Sunan wasa yakan cinye na gida, har ya zama dattijon da ke Kagara ko Wurno ya san muryar mutum da yadda yake daka tsawa, amma bai san garinsu ba.

Garin nasu kuwa ba a ƙasar Hausa yake ba. An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, a Jihar Kwara ta yanzu. Ɗan gidan sarauta ne, gidan Etsu na Pategi. Ya yi karatun farko a garinsu, ya wuce Midil ta Ilori, daga nan ya tafi Kaduna wurin danginsa, kamar yadda samarin lardunan Arewa suke yi a wancan zamani, domin a can ne hedikwatar Jihar Arewa take, a can kuma aiki yake. Ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya samu shiga gidan watsa labarai. Bai hau gadon sarautar gidansu ba.

Gidan da ya shiga yana da alaƙa da mutanen gabashin Sakkwato ta wata hanya. Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, haifaffen Rabah da ke wannan yanki, shi ne gwamnatinsa ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa a 1962, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Jihar Yamma ta riga ta buɗe tata talabijin a Ibadan tun 1959, Jihar Gabas ta bi baya a 1960, Sardauna kuma ba ya son a bar Arewa tana sauraron labarinta daga bakin wasu. Rediyo da talabijin na Kaduna suka zama makarantar 'yan wasan kwaikwayon Hausa na farko. A nan aka yi Zaman Duniya Iyawa Ne na marigayi Yusuf Ladan, wasan da Usman Baba Pategi ya fito a cikinsa. A wancan lokaci Rediyon Kaduna yana da gajeren zango mai ƙarfi, saboda haka abin da aka yi a ɗakin ɗaukar murya a Kaduna, manomin fadamar Rima yana jin sa, na Maraɗi ma yana ji.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Aka yi kira ga samarin Arewa su shiga soja, ya amsa. An horar da shi a makarantar sigina ta soja da ke Apapa a Legas, ya zauna cikin kaki har 1985 lokacin da ya yi ritaya. Duk abin da ya zo ya kwaikwaya daga baya, a nan ya gan shi da idonsa. Ya san yadda kurtu yake rawar jiki gaban kofur, da yadda kofur yake yi gaban saje. Ya san kuma halin mai muƙamin samanja, wanda yake tsakiya: a sama hafsoshi masu ilimin boko suna ba shi umarni da Turanci, a ƙasa ƙananan sojoji suna jiran ya sauke musu fushinsa a filin fareti.

Sai an duba yadda soja ya koma a idon talaka bayan yaƙin kafin a gane abin da wasan ya yi. Kafin 1967 sojan Nijeriya bai wuce kimanin dubu 10 ba. Da aka gama yaƙi a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. Barikoki ba su ishe su ba, sojoji suka shiga haya cikin unguwanni, suka zama maƙwabtan farar hula a kasuwa da tasha da bakin famfo. Mulkin ƙasa ma yana hannunsu tun 1966, bai dawo wa farar hula ba sai 1979, suka sake karɓewa a ƙarshen 1983 suka riƙe har 1999. Soja abin tsoro ne. Wanda ya ga yadda aka sa mutane tsallen kwaɗo saboda rashin bin layi a 1984 ba ya bukatar a yi masa bayani.

A cikin wannan yanayi ne, tun farkon shekarun 1970, wasan Samanja Mazan Fama ya fara fita daga Kaduna, a talabijin da rediyo. Bariki ce fagen wasan. Ga mutum da gashin baki, ga kaki ya sha guga, ga murya kamar aradu, yana zare ido yana ba da oda. Amma masu kallo suna bin sa har gida, suna ganin yadda odar ba ta aiki a kan iyali, yadda albashi yake ƙarewa kafin wata, yadda yake kame-kame idan babba ya shigo. Mutane suka samu damar yi wa soja dariya a fili, cikin ɗakunansu, a gidan talabijin na gwamnatin da sojan yake mulki. A ganina wannan ne babban abin da ya yi, kuma bai iya yin sa ba sai don shi ma ɗan ciki ne. Da farar hula ne ya sa kaki yana wannan shaƙiyanci, da wuya a ƙyale shi ya daɗe. Shi kuwa sojoji sun san nasu ne, sun san bai ƙara gishirin da ya wuce kima ba, kuma ƙarshen kowane wasa horon soja da biyayya ne suke yin nasara. Za a iya cewa wasan ya yi wa rundunar kwalliya, gaskiya ne. Amma ya rage wa talaka fargaba, ya nuna masa cewa a cikin takalmin nan mai ƙarfe akwai mutum mai bashin kanti.

Harshensa ma wani abu ne. Yana tsalle daga Hausa zuwa Turancin bariki, ya murɗe kalmar Turanci ta fito da kamar da Bature ba zai gane ta ba, ya dawo Hausa bai ja numfashi ba. Ba ƙirƙirarsa ba ce daga sama. Tun zamanin Turawa, Hausa ce harshen da ake magana da ƙananan sojoji a rundunar Afirka ta Yamma, ko Bahaushe ne ko Batibi ko Bazabarme. Da ita aka je Bama a yaƙin duniya na biyu, da ita 'yan mazan jiya suka dawo garuruwansu suna ba da labari. Saboda haka Banufe ya yi wasan soja da Hausar bariki ba abin mamaki ba ne, haka barikin take. Wannan cakuɗa ce ta ba wasan damar ƙetare Arewa. A ƙarshen shekarun 1980, da aka sa shi a shirye-shiryen NTA na ƙasa baki ɗaya, sai aka ƙara yawan Turancin buroka domin mai kallo a Inugu ko Ibadan ya bi labarin. Wasu masu kallo na Arewa sun fi son na da, kuma ina ganin suna da hujja, domin rabin daɗin yana cikin karo tsakanin harsunan biyu.

Ba shi kaɗai ba ne a zamaninsa. Bayan an haɗe gidajen talabijin na jihohi ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA, a 1977, kusan kowace tasha tana da nata gwani. Kaduna tana da Kasimu Yero na Karambana, wanda ya fito a Cock Crow at Dawn, ya rasu a 2017. Jos tana da Karkuzu. Sakkwato tana da 'yan wasan Idon Matambayi, wasan da har yau dattawan Goronyo da Rabah suke ambato. Yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne ko masu ƙaramar sana'a, wasan kuma ɗan alawus ake ba su a kansa. Sun yi suna ƙwarai, amma ba su tara dukiya ba, domin kaset ɗin na tashar ne, ba nasu ba.

Da finafinan bidiyo suka fara a Kano da Turmin Danya a 1990, sana'ar ta canza hannu. Kasuwa ta koma wurin 'yan kasuwar kaset, labarin ya koma na soyayya da waƙa da rawa, samari kyawawa suka zama jarumai. Irin su Samanja suka koma iyayen masana'anta, ana girmama su, ana kiran su taro, amma ba su ne a jikin fosta ba. Duk da haka salon riƙe suna ɗaya da hali ɗaya bai mutu ba. Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma tsohon mai kaki ne, domin ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim, a kan wannan turba ya gina nasa suna har ya rasu a Disambar 2014. Bambancin shi ne Ibro ya yi wasansa a zamanin farar hula, amma a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan wani fim. Samanja kuwa ya yi shekaru yana kwaikwayon masu bindiga a lokacin da suke kan mulki, kuma da ya rasu rundunar sojan Nijeriya da kanta ta fitar da sanarwar ta'aziyya.