Kano Pillars: Tarihin Masu Gida

An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na birnin, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamnatin Jihar Kano ce ke riƙe da ita, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuma shi ne gidanta. Kirarin magoya bayanta shi ne "Sai Masu Gida".

Sai a 2008 ta fara ɗaukar kofin gasar firimiyar Najeriya. Shekarar da ta biyo baya ce ta fito da sunanta a Afirka, domin a gasar zakarun nahiyar ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, bayan an tashi biyu da biyu a Alƙahira. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri, 'yar gida, ta taka mata birki. A wannan zamanin ne ɗan wasanta Ahmed Musa ya yi fice kafin ya tafi Turai.

Daga 2012 zuwa 2014 ta lashe gasar sau uku a jere. Kofin ƙalubale kuwa ya daɗe yana ba ta wuya. A wasan ƙarshe na 2018 tana gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka, ta kuma ƙwace kofin a bugun fenareti. Pillars ta huce haushi a 2019 a Kaduna, kan Niger Tornadoes.

Ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo bayan kaka ɗaya.